Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren TETFund Kan Ƙarfe Mai Tuna Siffa Da Zafin Ƙasarmu

Zuwa ga Babban Sakataren Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Ni malamin injiniyan gine-gine ne a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa. Na rubuto maka a bainar jama'a ne, da harshen da magina da direbobi da iyayen ɗalibaina suke ji, domin kuɗin da nake roƙon a kashe nasu ne, gadojin da zan yi magana a kansu kuma su ne ke bi ta kai safe da yamma.

Buƙatata ɗaya ce. Ina roƙon Asusun Bincike na Ƙasa da ke hannunka ya ɗauki nauyin ɗakin gwaji guda, ko da a jami'a ɗaya ce tak, inda za a riƙa auna wani irin ƙarfe da ake kira mai tuna siffa a cikin zafi irin namu, a kuma gina lissafin halayensa a kan abin da muka auna da hannunmu. Wannan ƙarfe ya fara shiga gadoji da manyan gine-gine a ƙasashen waje don maganin girgiza. Ko ba daɗe ko ba jima wani ɗan kwangila zai shigo mana da shi, riƙe da takardu da lissafin da aka yi a ƙasa mai sanyi, ya ce a sa hannu. Ina so ranar nan ta same mu da mutanen da za su iya cewa e ko a'a, su kuma kawo hujja.

Mutane da yawa sun taɓa ganin ƙarfen nan ba su sani ba. Shi ne a jikin tabarau irin wanda ake lanƙwasa ƙafarsa ta miƙe da kanta, shi ne siririyar wayar da likitan haƙori ke ɗaura wa yara don jera haƙora, da shi kuma ake yin ɗan ragar da ake zura wa a jijiyar jini in ta toshe. Haɗin nikel ne da titaniyom, kusan rabi da rabi. William Buehler da Frederick Wang ne suka gano halinsa a farkon shekarun 1960, a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka da ke jihar Maryland, aka raɗa masa suna nitinol. In ka ɗauki guntun wayarsa ka nannaɗe a yatsa, za ta zauna a nannaɗe kamar kowace waya. Jefa ta cikin kofin ruwan zafi, kafin ka janye hannu ta warware ta miƙe samɓal, ta koma siffar da aka gasa ta da ita tun a masana'anta. Akwai nau'in da ba ya jiran ruwan zafi, kuma shi ne ya fi shafar aikinmu: ana ja yana miƙewa, ana saki yana komawa nan take. Rodin gini mai tsawon mita ɗaya, in aka ja shi ya ƙaru da abin da ya wuce milimita 2 ko makamancin haka, ya saduda ke nan, ba zai ƙara komawa tsawonsa ba. Nitinol mai tsawon mita ɗaya za a iya ƙara masa milimita 60, a sake shi, ya dawo inda yake.

Sirrin yana cikin jerin ƙwayoyin ƙarfen. Suna da tsari iri biyu, masana suna kiran ɗaya ostanait, ɗayan kuma matansait. In babu nauyi suna zaune a tsari na farko. Da nauyi ya kai wani mataki, maimakon ƙwayoyin su zame daga mazauninsu har abada kamar yadda na rodi ke yi, sai su sauya jeri zuwa tsari na biyu, ƙarfen ya yi ta miƙewa ba tare da nauyin ya ƙaru sosai ba. In aka sauke nauyin sai su koma jerinsu na asali. Amma ƙarfin da ƙarfen ke mayarwa wajen dawowa bai kai wanda ya karɓa wajen tafiya ba. Ragowar ta zama zafi ta fice. Kowane kanikanci ya san mota tana buƙatar abu biyu a ƙafarta: sifirin da zai mayar da ita daidai bayan ta faɗa rami, da shokazoba da zai hana ta ci gaba da rawa. Ƙarfen nan yana yin aikin biyun a jiki ɗaya.

Abin da ya ja hankalin injiniyoyi gare shi darasi ne mai ɗaci. An daɗe ana zana gini yadda in girgizar ƙasa ta zo rodinsa zai saduda ya shanye bugun, ginin ya tsaya, mutane su fita da rai. Dabarar ta ceci rayuka, sai dai ginin yakan tsaya ne a karkace. Bayan girgizar birnin Kobe na Japan a watan Janairun 1995, ginshiƙan gadar sama fiye da 100 aka rushe da gangan, ba don sun faɗi ba, sai don sun karkace yadda ba za a iya miƙar da su ba. Haka aka yi a tsakiyar birnin Christchurch na New Zealand bayan girgizar 2011: gine-gine da yawa suna tsaye, amma gyaransu ya fi rushe su tsada. Daga nan tambayar ta sauya. Ba a tsaya kan ko ginin zai faɗi ba, aka koma ko zai dawo daidai, a buɗe shi washegari motar asibiti ta wuce.

Italiya ce ta fara gwada ƙarfen a ginin gaske. Girgizar ƙasa ta watan Oktoban 1996 ta tsattsaga hasumiyar cocin San Giorgio da ke ƙauyen Trignano. Da aka zo gyara sai aka zura sandunan ƙarfe huɗu a kusurwoyinta daga sama har ƙasa, kowane da na'urar wayoyin nitinol a tsakiya, suna matse tubalin a kai a kai ba tare da matsin ya wuce kima ba. A shekarar 2000 wata girgizar ta sake zuwa yankin, hasumiyar ba ta yi komai ba. An yi irin wannan aiki a babbar cocin Waliyyi Faransis da ke Assisi bayan girgizar 26 ga Satumban 1997, inda aka ɗaure saman bango da rufi da irin waɗannan na'urori. A Amurka kuwa, bayan shekaru na gwaji da Farfesa Saiid Saiidi ya jagoranta a Jami'ar Nevada da ke Reno, an kammala wata gada a birnin Seattle a 2017 wadda aka sa sandunan nitinol a saman ginshiƙanta kaɗai, daidai inda lanƙwasa ta fi tsanani. Ba a cika ginshiƙin da shi ba, domin tsadarsa ta ninka ta rodi sau da yawa.

Wannan tsada, ranka ya daɗe, ita ta sa lissafi ya zama rabin aikin. Babu mai gina gada goma ya girgiza su don ya ga wadda za ta tsira. Abin da ake yi shi ne a rubuta jerin lissafin da ke kwaikwayon halin ƙarfen, a ba kwamfuta, a gina gadar a cikinta, a girgiza ta sau ɗari. Wani masani mai suna Tanaka ya fitar da nasa tsarin a 1986, Liang da Rogers suka gyara shi a 1990, Catherine Brinson ta ƙara masa wani muhimmin rabe-rabe a 1993. Graesser da Cozzarelli sun yi nasu a 1991 musamman don girgizar ƙasa. Wanda Auricchio da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 shi ne ya shiga manyan manhajojin da injiniyoyi ke saye, irin su ANSYS da Abaqus. Akwai kuma OpenSees, wadda aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kyauta ce ga duk mai intanet. Ke nan ta fuskar manhaja ba mu da uzuri, ɗalibanmu ma sun iya ta, wasunsu sun fi mu.

Matsalar ita ce kowane ɗaya daga waɗannan tsare-tsare yana da gurabe da sai an cike su da alƙaluma: a wane nauyi sauyin ke farawa, a wane yake ƙarewa, a wane zafi ƙwayoyin ke juyawa da kansu, nawa ƙarfen ke miƙewa kafin ya ƙi. Waɗannan ba a ƙirƙirarsu a kan tebur. Sai an kama ainihin ƙarfen an ja shi a na'ura an rubuta abin da ya yi. Na sha karanta kundin ɗalibi mai hazaƙa, zanensa tsaf, lissafinsa ba kuskure, amma in na tambaye shi inda ya samo alƙaluman sai ya nuna mini takardar wani bature da ya auna wata waya a ɗaki mai digiri 20. Yaron bai taɓa riƙe ƙarfen a hannunsa ba. Ba laifinsa ba ne, kuma raina yana ɓaci duk sanda na ga irin wannan ƙwazo yana tafiya a kan aron ma'auni.

Ga dalilin da ya sa aron nan ke da haɗari a wurinmu fiye da ko'ina. Nitinol ƙarfe ne mai jin zafi ƙwarai. Duk digiri ɗaya da zafinsa ya ƙaru a ma'aunin Salshiyos, nauyin da ake buƙata kafin ya fara sauyi yakan ƙaru da megafaskal 6 zuwa 7. A Kano ko Zariya, daren hunturu yakan sauko wajen digiri 12, ranar watan Afrilu kuma ta haura 40, a inuwa ma ke nan, ban da ƙarfen da rana ke duka kai tsaye. Tazarar digiri 30 ta zama kusan megafaskal 200. Domin a ga girman abin, rodin da muke zana gidaje da shi muna ɗaukar ƙarfinsa a kan 410 ko 460, shi kuma nitinol a zafin ɗaki yakan fara sauyi a tsakanin 400 da 600. Wato na'urar da aka zana don ta yi laushi ta shanye girgiza za ta iya ƙin motsawa da tsakar ranar bazara, ta tura nauyin gaba ɗaya zuwa ga noti da kankaren da ke riƙe da ita, alhali ba a zana su don ɗaukar wannan ba. In kuma girgizar ta yi ƙarfi har ta tilasta masa, nauyin yana iya kaiwa matakin da ƙwayoyin za su zame da gaske, ƙarfen ya rasa halin dawowar da aka saye shi dominsa. Masu bincike a Kanada da arewacin Turai sanyi suke tsoro, kada ƙarfen ya daskare a tsari na biyu ya ƙi komawa, don haka can suka fi mai da hankali. Mu namu tsoron yana ɗaya gefen, kuma babu wanda zai zo ya auna mana shi.

Zafin ma ba daga rana kaɗai yake zuwa ba. In ka ja siririyar wayar nitinol da sauri ka taɓa ta da leɓe za ka ji ta yi ɗumi, in ka sake ta ka sake taɓawa za ka ji ta yi sanyi. Sauyin jerin ƙwayoyin ne ke fitar da zafi wajen tafiya, ya haɗiye shi wajen dawowa. In ana ja a hankali, zafin yana samun lokacin fita cikin iska. In ana ja da saurin girgiza, sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa, zafin yana taruwa, ƙarfen ya ƙara tauri, abin da yake shanyewa kuma ya ragu. Sanda mai kauri ta fi waya riƙe zafi, saboda haka abin da aka auna a waya ba lallai ya dace da sanda ba. Sannan sabon ƙarfe ba ya zama daidai tun ranar farko: a ja-da-sakin farko-farko yakan bar ɗan saura kowane zagaye, sai an horar da shi a na'ura kafin halinsa ya tsaya. Yawancin sauƙaƙan tsare-tsaren da ɗalibai ke amfani da su sun yi shiru a kan duk waɗannan. Suna ɗauka zafi ɗaya ne, sauri ɗaya ne, ƙarfen kuma ba ya tsufa.

Na san abin da za a ce maka a taron tantance buƙatu: Nijeriya ba Japan ba ce, ina ruwanmu da girgizar ƙasa? Gaskiya ne ba mu zaune a bakin manyan tsagogin ƙasa. Amma ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, ta motsa a Kwoi da ke kudancin Kaduna a watan Satumban 2016, ta motsa a Mpape da ke Abuja a watan Satumban 2018 har mutane suka fito daga gidajensu cikin tsoro. Ƙasar Ghana ta rasa mutum 17 a girgizar Accra ta 1939. Gwamnati da kanta ta kafa cibiya a Toro ta jihar Bauchi mai kula da tashoshin auna motsin ƙasa. Duk da haka ba a kan wannan na fi dogara ba. Girgizar da ke cin gine-ginenmu kullum ita ce ta tirela da tanka masu lodin da ya wuce ƙa'ida, da jirgin ƙasa, da fasa dutse da nakiya kusa da unguwanni, da iskar farkon damina da ke kaɗa dogayen turakun sadarwa. Duk wanda go-sulo ya taɓa tsayar da shi a kan gadar sama tirela ta wuce a ɗaya hannun ya ji yadda kwalta ke rawa a ƙarƙashinsa. Birnin Landan ba ya fama da girgizar ƙasa, amma gadar masu tafiya a ƙafa ta Millennium da aka buɗe a watan Yunin 2000 kwana biyu kacal ta yi aka rufe ta, saboda takun mutane kaɗai ya sa ta lilo. Sai a watan Fabrairun 2002 aka sake buɗe ta, bayan an ɗaɗɗaura mata na'urorin shanye girgiza.

A nan dole in faɗa maka iyakar ƙarfen, domin ba talla nake yi ba. Wajen shanye girgiza zalla, nitinol ba shi ne gwani ba. Gwaje-gwajen da Reginald DesRoches da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 sun nuna abin da yake shanyewa kaɗan ne, bai kai kashi 7 cikin ɗari ba a ma'aunin da muke amfani da shi, na'urorin mai da na gogayya sun fi shi. Baiwarsa ita ce mayar da gini tsakiya, ga shi ba ya tsatsa da wuri, ba shi da mai da zai yoyo, ba shi da robar da rana za ta cinye. A ƙasar da ake gina abu a manta da duba shi shekara da shekaru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma girgizar ƙasa zagaye kaɗan ce masu ƙarfi, ta mota kuwa miliyoyin zagaye ce ƙanana, kuma nitinol yana gajiya ya tsinke da wuri in ana miƙa shi da yawa a kai a kai. Miƙewa nawa ce daidai a zafin digiri 45? Wannan ita ce tambayar da nake so ɗalibanmu su amsa. Yana yiwuwa amsar ta zama cewa nitinol bai dace da gadojinmu ba, wani danginsa ne ya dace. Masu bincike a Jami'ar Tohoku ta Japan sun haɗa na tagulla da alminiyom da manganis, wanda bai kai nitinol jin zafi ba, a 2011 kuma suka bayyana wani na baƙin ƙarfe wanda nauyin sauyinsa ke ƙaruwa da kusan rabin megafaskal kacal a kowane digiri. Cibiyar Empa ta Suwizalan ta inganta wani na baƙin ƙarfe da manganis da silikon, wanda ake mannawa a ƙarƙashin tsohuwar gada a dumama shi zuwa wajen digiri 160, ya nemi tsukewa, ya matse tsagar kankare. Ga ƙasa mai tarin gadojin shekarun 1970, ina ganin wannan na ƙarshe ya cancanci a fara dubawa. Ko da binciken ya ƙare da cewa kada a saya, kuɗin gwajin ya biya kansa.

Za a kuma samu masu cewa tun da akwai ma'adinin titaniyom a tsaunukan Filato, me zai hana mu narka namu? Ina roƙon kada a fara ta nan. Narka nitinol sai a tukunyar da aka zuƙe wa iska, kuma in nikel ya ƙaru da kashi ɗaya cikin dubu, zafin sauyin yakan gusa da wajen digiri 10. Mu fara iya aunawa tukuna.

Abin da ɗakin gwajin ke buƙata ba shi da yawa. Na'urar ja da saki mai aiki da matsin mai, wadda za ta iya maimaita zagaye da saurin girgiza, haɗe da akwatin da ake saita zafinsa daga digiri 5 zuwa 70. Ƙaramar na'urar gano zafin da ƙarfe ke sauyi. Wayoyi da sanduna iri-iri daga masana'antu fiye da ɗaya. Sai wutar lantarki da ba ta yankewa, kuma a wannan nake so ka tsaya da kanka, domin gwajin gajiyar ƙarfe yakan yi kwanaki yana tafiya, in wuta ta ɗauke a tsakiya samfurin ya huce, alƙaluman sun lalace, sai a sake daga farko. A sa kuɗin faranten hasken rana da batura a cikin kasafin tun farko. A sa kuɗin horar da ma'aikacin fasaha da zai zauna da na'urar, da kayan gyaranta na shekara biyar. Na ga na'ura mai tsada lulluɓe da leda a wani ɗakin gwaji, ƙura ta rufe ta, saboda wani ƙaramin bawul da ba a ware kuɗin sayensa ba.

Kada kuma aikin ya tsaya a cikin ɗaki. A zaɓi gadar sama guda a Kano ko Kaduna ko Abuja, da izinin masu ita, a manna mata na'urorin auna motsi da zafi su yi shekara cur, su ga hunturu da bazara da damina. Da wannan ne za a san irin girgizar da ake son magancewa, maimakon a ɗauko ta girgizar Kalifoniya a liƙa wa gadar Arewa. Ina ba da shawarar a haɗa sashen injiniyan gine-gine da na ƙarafa a kan aiki ɗaya, a jawo Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa da ke Jos, a kuma sanar da hukumar kula da aikin injiniya ta COREN da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki tun daga tushe, domin su ne za su mayar da sakamakon ƙa'ida. Sharaɗi na ƙarshe da nake roƙo ka gindaya wa duk wanda ya ci tallafin shi ne ya zuba ɗanyen alƙaluman da ya auna a intanet kyauta, ba taƙaitaccen zane a mujalla kaɗai ba, yadda ɗalibi a Maiduguri ko Sakkwato, ko abokin aikinmu a Yamai da Maraɗi da ke fama da zafi irin namu, zai saukar ya gwada nasa lissafin a kansu. Ba na neman a kawo ɗakin jami'ar da nake koyarwa. A yi gasa a fili, a ba wadda ta fi shiri, sauranmu mu riƙa tura ɗalibai can.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora a kan amanar da ke hannunka.

Naka,
Malamin injiniyan gine-gine,
daga wata jami'a a Arewacin Nijeriya.